Tsagar da Ta Shiga Kasuwa

Kayaga ta je kasuwar Tiyebele sayen gishiri da busasshen kifi, ta dawo gida ba gishiri ba kifi, sai ƙwarya wofi da rai a ɓace.

Abin da ya faru kuwa, tana tsugune gaban mai kifi tana tayi, wata mata mai jiki ta zo ta tsaya mata a gaba ta tare haske. Kayaga ta ɗago za ta ce baiwar Allah matsa, sai maganar ta maƙale. Matar ta ɗaura sabuwar atamfa, ja da baƙi da fari, kuma abin da ke jikin atamfar nan bangon ɗakin surukar Kayaga ne, marigayiya Kacana. Ba kama ba ce, shi ne. Ga jerin sakaina nan uku-uku, ga ragayar ƙore, ga mesar nan mai waiwaye wadda duk ƙasar Kasena ba mai zana ta haka sai tsohuwar. Shekara arba'in Kayaga ta yi tana miƙa wa Kacana kaskon baƙi, ko cikin barci aka nuna mata hannun nan za ta gane shi.

Sai dai akwai abu guda da ba hannun Kacana ba ne. Wani baƙin layi ya taso daga sama, ya karkace, ya ratsa sakainun, ya yanke mesar biyu, ya sauka har ƙasa.

Kayaga ta cafke haɓar zanen.

"Ke Iya, lafiya? Tuɓe ni za ki yi a tsakar kasuwa?"

"Wannan layin fa? Na tsakiyar nan?"

"Au, shi? Ai shi ne adon gaba ɗaya," in ji matar, har da juyawa don a gani da kyau. "Walƙiya sunan atamfar. A Wagadugu yanzu in ba ki da ita ba ki cika mace ba. An ce ma daga wani gida na garin nan aka ɗauko zanen, wai wata tsohuwa ce gwana ta zana walƙiya a bangonta."

Walƙiya! Walƙiyar gidan uban wa? Tsaga ce. Tsagar bangon ɗakin Kacana ce, wadda Kayaga ke kau da kai duk safiya in ta zo wucewa. Ita ce aka kwasa aka buga a atamfa, mata suka ɗaura a gindi suna yawo da ita gari-gari.

A wajenmu, mu Kasena, namiji ke gini, amma fatar ɗaki ta mata ce. Su ke yaɓe, su yi zane tun laka na ɗanye, su goge da dutse, su yayyafa makuba don ruwa ya riƙa zamewa. Bayan damina biyu ko uku a sake sabo a kan tsoho. In baƙo ya shigo ya ga bango a tsage ba ya tambayar wane ne maigida, cewa yake ashe gidan nan ba mata. Gara a ce miyarki ba gishiri da a ce bangonki ya tsage.

Kuma fa ba sakacin Kayaga ba ne, shi ya fi ci mata rai. In tsohuwa ta mutu a gidansu ba a taɓa ɗakinta sai an yi babban makoki an fasa ƙorenta. Makokin Kacana kuwa ya ja, don dangi sun watse, wasu Kumasi wasu Abijan, kafin a tattaro su damina biyu ta wuce. Ta farko ta wanke makuba, ta biyu ta buɗe tsaga.

A tsakanin nan ne wata yarinya ta zo daga Wagadugu, Odil, mai zana wa kamfanin atamfa ado. Wai hannunta ne ya yi barci, sabon ado ya ƙi zuwa mata, shi ya sa take bin tsofaffin wurare ko zai farka. Ta je tsohon masallacin Bobo, ta je kangon duwatsun Loropeni, aka ce mata ta zo ta ga ɗakunan Kasena. Da ta faɗi garinsu, Garango, gidan ya kaure da shewa, don mutanen can Bisawa ne, Bisawa kuwa abokan wasanmu ne tun kaka da kakanni. Mu ce musu ɓarayin gyaɗa, su ce mana maciya kare, ba mai fushi. Kwana uku yarinyar nan tana zaune bisa turmi da littafi a cinya tana kallon bangon Kacana. Kayaga ta ba ta tuwo, ta ba ta tabarma, da za ta tafi har da cusa mata gyaɗa a jaka don tsokana. Kwana uku cur, bakinta kamar reza wajen zolaya, amma ko sau ɗaya ba ta buɗe shi ta ce Iya, wannan layin mene ne ba.

Sai a hanyar gida Kayaga ta gane abin da ya daɗe yana ɗaure mata kai. Tun lokacin sanyi baƙi suka yawaita a gidan, kuma duk wanda ya shigo ba ya kallon rumbu, ba ya kallon ɗakinta da ta yi wa sabon zane. Kai tsaye yake zarcewa gaban tsagar ya tsaya a ɗauke shi hoto. Ita da ta zaci dariya suke mata a ɓoye, ashe sha'awa ce. Ta rasa wanne ya fi muni.

Ta iske ɗanta Abuga a ƙofar gida yana wanke babur. Shi ne maigida tun rasuwar ubansa, kuma shi ke zagayawa da baƙi, ya iya Faransanci da ɗan Turancin Gana.

"Abuga, an yi makokin kakarka tun watan jiya. Ka aika wa mata, jibi za mu yaɓe ɗakinta."

Bai ɗago ba. "Inna, ɗakin nan a bar shi haka."

"A bar shi yaya?"

"Yadda yake. Shi mutane ke zuwa gani."

"Kai, dube ni. Ashe ka san zancen atamfar nan?"

"Na sani mana. Ai abin alfahari ne, sunan Kaka ya kai har ƙasar Turawa."

"Sunanta ko nawa? In suka tsaya gaban tsagar nan me kake ce musu?"

Abuga ya matse tsumma, ya sake matsewa ko ruwa babu a ciki. "Nakan ce walƙiya ce. Nakan ce Kaka ta zana ta ne don roƙon ruwa."

"Ka ce Kaka ta zana!" Kayaga ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Kai da aka haifa a cikin ɗakin nan, aka yanke maka cibi a bayan ƙofarsa, ba ka san tsaga ba? Ita 'yar gyaɗar a ce baƙuwa ce, idonta na ado ne. Kai fa? Matar da in ta ga tsaga kamar gashi a bangon maƙwabta sai ta hana su barci, ita ka laƙa wa wannan? Tir!"

"Inna, da me aka yi makokin? Da me aka sayi saniyar? Baƙin nan ne. Ki rufe layin nan, gobe su wuce gidan gaba."

"Su wuce mana! Baƙo raɓa ne. Ɗaki fa? Jiya na ƙwanƙwasa, ƙarar ganga yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ba ƙadangare kaɗai ba, gara ma ta shiga. Ruwan bana ya sami ƙofar nan a buɗe, ɗakin nan ba zai ga kaka ba."

"Shekara nawa yana tsaye? Ba abin da zai same shi. Zan sa leda a sama."

"Leda! Ka sa wa kakarka leda!"

Magana ta yi tsawo, maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Abuga ya ga uwarsa na tsige shi gaban mutane, kunya ta juye masa zuciya, ya yi abin da ko ubansa bai taɓa yi ba. Ya ɗebi ruwan gari a ƙwarya, ya tsaya gaban tudun kakanni da ke ƙofar gida, ya zuba, ya ce duk na gidan nan da ya ɗora laka a bangon Kacana, kakanni su tambaye shi.

Wannan ba maganar da ake janyewa da safe ba ce a ce jiya raina ne ya ɓaci. Ko shi da ya ɗaura ba shi da ikon kwancewa.

Kayaga ta dube shi tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Sannu, maigida." Ta shige.

Mako uku ba ta ci abin da matarsa ta dafa ba. In ya gaishe ta sai ta amsa wa akuya. Zafi ya tsananta, ɗorawa ta nuna, gabas ta fara haɗa gira da yamma. Kullum baƙi na shigowa, tana jin muryar ɗanta ta bayan rumbu yana zuba musu tatsuniyar walƙiya, har ya ƙara mata gishiri, wai tsohuwar a mafarki ta gano ta. Wata rana wani Bature ya zura yatsa cikin tsagar yana gyaɗa kai, ƙasa ta zubo masa a takalmi. Kayaga na daka, ta dinga kirɓa taɓarya har dawar ta tarwatse.

Ɗakin nan kuwa ba ɗaki ne kawai ba. Shi ne na uwar gida, mai ciki biyu kamar gora, mai ƙofar da sai ka durƙusa. A ciki matan gidan ke haihuwa, a ciki babbarsu ke tsufa ta mutu. Yanzu layi ya zo kan Kayaga, har ta saƙa sabuwar ragayar da za ta rataye ƙorenta a ciki. Ga shi ɗanta ya mai da shi abin kallo, yana jiran ruwa ya zo ya kwashe.

Maƙwabciyarta Kawiya ce ta ce mata, "Ke dai kina da taurin kai. Kin san maganin rantsuwa. Ki aika garin Po a nemo miki ko wane Babise mai sayar da albasa, ya zo ya watsa toka. Abin da ɗan gida ya ɗaure ai abokin wasa ke kwancewa, kakanni ba sa fushi da su."

"In roƙi Bisawa? Su da suka ja mini? Gara ɗakin ya faɗo a kaina."

"To ai zai faɗo."

"Ya faɗo!"

Sauran ɗakunan ba rantsuwa a kansu, don haka Kayaga ta kira mata gayyar yaɓen madafarta. Tun kwana biyu aka jiƙa jar ƙasa da kashin shanu a ramin kwaɓi. Aka niƙa baƙin dutse, aka jiƙa farar ƙasa, makuba na tafasa a tukunya, burkutu na jiran rana ta ɗaga. Abuga ya hau babur da sassafe ya tafi Po taryen wasu baƙi. Mata goma sha biyu suka jeru suna waƙa suna shafa laka da tafin hannu.

Hantsi ya dubi ludayi sai ga mota a ƙofar gida. Wa za ta fito in ba Odil ba, ta sha atamfar nan riga da zane da ɗankwali, ga wata atamfar turmi guda a hannu cikin leda.

"Ina bayina maciya kare? Uwargijiyarku ta iso, ba mai shimfiɗa tabarma?"

Ba wadda ta yi dariya. Waƙa ta tsaya. Kayaga ta taso daga bakin rami, laka har gwiwar hannu.

"Iya, ga tukuicinki," in ji Odil, murya ta ɗan sauka. "Bangonki ne ya tashe ni. Na zaga ƙasar nan kaf ban ga abin da ya kama ni kamarsa ba."

Kayaga ba ta karɓa ba. Ta kama ta a wuyan hannu, laka da komai, ta ja ta ƙiii har gaban ɗakin Kacana.

"Nuna mini walƙiya."

"Ga ta nan, Iya."

"Sa hannu."

"Na'am?"

"Na ce sa hannunki a ciki, ɓarauniyar gyaɗa!"

Odil ta zura yatsu. Suka shige, tafin hannu ya bi, har agogonta ya ɓace a ciki. Ta zaro da sauri, gara biyu na tafiya a bayan hannunta.

"A garinku ana zura hannu cikin zane?" in ji Kayaga. "Da kika zo bakinta bai kai kaurin tsinke ba, shi ya sa kika ga layi. Kwana uku kina cin tuwona, me ya hana ki tambaya? Kin tambayi sunan miya, kin tambayi kuɗin zabo, kin tambayi ko ina da saurayi. Abin da ya kawo ki shi ne ba ki tambaya ba! Kika kwashi tsiraicina kika kai injin ya buga dubu-dubu. Mace ta haihu ta goya ɗa da shi, amarya ta tafi ɗakin miji da shi, kowa na yawo da shaidar cewa Kayaga ba ta iya riƙe bangon surukarta ba. Yanzu kuma kin kawo mini in ɗaura? In ɗaura in je ina?"

"Iya, wallahi ban sani ba. Ya yi kyau ne a idona, yadda ya yanke mesar nan..."

"Ya yi kyau! In kika ga gyambo a ƙafar uwarki kya ce ya yi kyau, ja da fari? Matar nan da ta zana mesar, kwana biyu ta yi tana auna ta da kara don kada wutsiya ta fi kai. Ke kika zo kika sare ta biyu, kika ce ita ta yi."

Odil ta tsaya tana kallon hannunta. Can ta ce, "To a gyara mana. Me ya hana a rufe?"

Matan suka dubi juna. Kawiya ce ta ba ta labari a gajarce, baƙin da atamfar ta jawo, da tatsuniyar Abuga, da ruwan garin da ya zuba a tudu.

"Kin ji aikinki," in ji Kayaga. "Ki shiga motarki. In ɗakin ya faɗi zan aika miki, ki zo ki zana tarin ƙasar, wataƙila shi ma ya yi miki kyau."

Yarinyar ba ta nufi mota ba. Ta ajiye ledar a ƙasa, ta cire takalma, ta nufi murhun da ake dafa makuba, ta ɗebi toka cike da hannu biyu. Ashe duk bokon nan da turaren nan, kakarta ta Garango ta koya mata wani abu. Ta fita ƙofar gida, mata suka bi ta, ta tsaya gaban tudun kakanni ta riƙe ƙugu da gwiwar hannu.

"Ku tsofaffin banza, maciya kare! Kuna kwance jikanku na yi muku ƙarya a ka, ɗakinku na rushewa, ba wanda ya ko yi tari? Ni uwargijiyarku na zo. Abin da yaron nan ya zuba na shanye shi, mai magana a cikinku ya biyo ni Garango in ba shi gyaɗa!"

Ta watsa tokar a tudu. Kawiya ta rangaɗa guɗa tun kafin ƙurar ta kwanta.

Kayaga ba ta yi guɗa ba, ba ta kuma yi godiya ba. Tana tsaye tana huci. Odil ta wuce ta, ta duƙa a ramin kwaɓi da atamfarta mai tsada, ta cunkuso laka, ta je ta maka wa tsagar da ƙarfinta duka.

"Ke! Ba haka ake..."

Kafin Kayaga ta rufe baki bangon ya yi wata ƙara a ciki. Ɓawon yaɓen ya rabu da gini tun daga indararo, ya yi ciki kamar zai yi tunani, sannan ya zubo rigijib a gabansu. Faɗinsa ya kai tabarma. Sakainun, ragayar, mesar, walƙiyar da ake ta faɗa a kai, duk suka zama ɓaraguzai a ƙasa. Ga ginin nan tsirara, gara ta yi masa hanyoyi, wani wurin har kana hango duhun cikin ɗaki.

Odil ta ɗora hannu a ka. "Na shiga uku! Iya, na kashe shi!"

"Rufe mana baki. Da ruwa ne ya taɓa shi da har ginin zai tafi." Kayaga ta bi bangon da tafin hannu tana bubbugawa, tana saurare. Sama ya ci, tsakiya ya ci, gindi na nan da ƙarfinsa. "Zai tsaya. In an cike shi yau zai tsaya. Kawiya, a bar madafar nan, kowa ta dawo nan. A ƙaro ƙasa!"

Daidai nan babur ya tsaya a waje, motar baƙi a bayansa. Abuga ya shigo yana gaba yana ja musu bayani, baƙi shida na biye da na'urorin hoto a wuya. Ya sha kwanar rumbu, maganar ta mutu a bakinsa.

"Inna! Me kuka yi? Wa ya taɓa? Na rantse a kan..."

"Je ka duba tudun, an watsa toka. Ga mai watsawar nan, in kana da ƙarfin faɗa da Bisawa bismilla."

Abuga ya dubi Odil da laka har goshi, ya dubi tarin ƙasa. Idonsa ya kawo ruwa, kuma ba don baƙin ba ne kaɗai, a bar wa yaron gaskiyarsa. A bayan kakarsa Kacana ya girma.

"Kun kashe hannun Kaka," ya ce. "Shi kenan abin da ya rage mana nata."

"Mu muka kashe? Zo nan."

Ta finciko shi har bakin inda yaɓen ya karye, ta nuna masa kaurin. Ba ɓawo ɗaya ba ne. Hawa-hawa ne, ja bisa ja, kowanne da siririn baƙi da fari a tsakani, sun fi goma sha biyar.

"Ƙirga. Wannan na sama nata ne. Wannan ma nata, da wannan. Na ƙasan nan na surukarta ne, ita Kacana da hannunta ta rufe shi, ina tsaye ina riƙe da kasko, tana kuka tana shafawa. Na can ƙasa ko sunan mai shi ba wanda ya sani. Kowacce ta rufe ta gabanta, shi ya sa ka sami ɗakin da aka haife ka. Kai kaɗai ne gwanin son kaka, da ka ce a bar ta a rana gara ta ci!"

Abuga ya tsura wa yaɓen ido. Baƙin na ta ɗaukar hoto, su dai ko me aka yi abin hoto ne.

Odil ce ta hango shi a cikin ɓaraguzan, wani gutsure mai faɗin faifai da bai farfashe ba. Ta ɗago shi a hankali ta hure ƙurar. Kan mesar ne, mai waiwayen nan, idonta fari. A gefen wuyan kuma ga sawun yatsu uku a nutse, inda tsohuwar ta dafa laka tana ɗanya, ranar da ƙafarta ta fara gazawa ta kusa faɗuwa. Kayaga ta tuna ranar. Ita ce ta tare ta ta baya, tsohuwar ta ture ta ta ce sake ni, ban mutu ba tukuna.

"Iya, ki ba ni wannan," in ji Odil. "Zan sa shi a gilashi, in rubuta sunanta daidai, in rubuta gaskiyar abin da ya faru."

"A'a, a gidan nan zai zauna," in ji Abuga da sauri. "A rataye shi a zaure, ko ba komai mutane su ga..."

Kayaga ta miƙa hannu, Odil ta ɗora mata. Ta sa yatsunta uku cikin sawun nan. Nata sun fi kauri, ba su zauna daidai ba. Tun rasuwar tsohuwar ba ta yi kuka ba, ko ranar da aka fasa ƙoren, don ita ce mai tsayawa kan tukwane. Yanzu ga shi kukan ya zo mata gaban Bisawa da Turawa, abin ya ƙara ba ta haushi. Tana son gutsuren nan. Tana son ta kai shi ɗaki ta sa ƙarƙashin tabarma, kada kowa ya ƙara ganinsa sai ita.

Ta dubi ramukan da ke jikin ginin, ta dubi gabas. Hadari ya yi gindi, ko da rana tsaka.

Ta juya ta nufi ramin kwaɓi.

"Inna!"

"Iya, don Allah!"

Ta jefa shi ciki. Ta tattare zane, ta shiga da ƙafa biyu, ta ɗora dugadugi a kan mesar ta danna. Ya yi ƙas. Ta sake dannawa, ta taka, ta juya, farin idon ya narke cikin ja, yatsun suka bi. Hawaye na zuba har haɓa, ba ta share ba, don hannun duk laka ne.

"Ƙasar ɗakinta ce, ɗakinta za ta koma," ta ce. "Me kuke kallo? Kawiya, a kwaso sauran ɓaraguzan a zubo nan. Ke 'yar gyaɗa, tunda kin iya ɓarna, zo ki koyi gyara, kuma da tafin hannu ake shafawa, ba jifa ba. Kai kuma maigida, ka gaya wa baƙinka walƙiya ta faɗo, an gama. Ɗauki tulu."

"Tulu, Inna? Ni?"

"Da wa nake? Tun ran gini ran zane, in lakar nan ta sha iska kafin la'asar ba abin da zai kama a jikinta."

Abuga ya dubi baƙinsa. Sannan ya cire hular jagoran baƙi ya rataye a ƙahon rumbu, ya sunkuya ya ɗauki tulun matarsa, ya bi hanyar rijiya mata na yi masa dariya.

Kayaga ta cika hannu da laka ta je gaban ramin da ya fi zurfi, wanda ake hango cikin ɗaki ta cikinsa. Ta cusa, ta danna da dunƙule, ta shafe da tafi. Ta waiwaya, ido jawur.

"Wai ba mai waƙa ne? Gawa muke wankewa?"

Kawiya ta ɗauko waƙar daga inda aka yanke ta, sauran suka amsa, aka ci gaba da miƙo laka.